Furen da Kalilu Ya Kawo Daga Bukur

A Jibiya idan aka ga mutum ya duƙa yana ba wani tsiro ruwa, tambaya ɗaya ake yi masa, ita ce yaushe za a ci. In ba a ci, to maganin me yake yi. Kalilu ya shekara uku yana shan wannan tambaya daga bakin maƙwabta da direbobi da mata masu tallar fura, kuma bai taɓa ba da amsar da ta gamsar da kowa ba. Abin da ya shuka a gidansa ba a cinsa, ba a jiƙa shi a sha, ko akuya ma sai ta rasa abin yi take sunsunarsa.

Shekara ashirin da biyu ya yi a Bukur, can ƙasar Jos, yana aikin lambu a gidan wani Bature mai haƙar kuza. Da Baturen ya tashi komawa ƙasarsu a shekarar hamsin da uku, ya tara ma'aikatan gida ya ce kowa ya zaɓi abin da yake so. Kuku ya kwashe tukwane, mai gadi ya ɗauki babbar kwat. Kalilu kuwa, Allah ya shirye shi, ya ɗauko cebur ya nufi bayan gida, ya tone gindi uku na wani fure, ya naɗe su a jiƙaƙƙen buhu. Da su ya hau jirgin ƙasa zuwa Kano, da su ya hau mota zuwa Katsina, yana yayyafa musu ruwan butarsa a hanya, matarsa Barira na gefe tana kallon ikon Allah.

Wanda ya ga abin ba fure a kansa ba zai ce komai ba ne. Ganye ne dogaye, sirara, sun taru a gindi ɗaya sun zube ta kowane gefe, kamar lawashin albasar da aka manta da ita a lambu. Amma sau ɗaya a shekara yakan fitar da kara daga tsakiya, miƙaƙƙe sak, ya kai ƙugun mutum, a kansa kuma ƙananan furanni su yi cunkus, na sama ja jawur, na ƙasa rawaya, sai ka rantse itace aka zaro daga murhu aka kafa a ƙasa. Baturen yana da sunan da yake kiransa, wanda harshen Kalilu bai taɓa iya juyawa ba. Leburorin Bukur suka sa masa bakin wuta, shi ma haka yake ce masa.

Jibiya ba Bukur ba ce. Bazarar farko ta cinye gindi biyu cikin mako guda. Na ukun ya yi yaushi ya kwanta, Kalilu ya tsaya a kansa kamar mai jinya. Ya tone shi ya sake masa wuri a jikin katangar yamma, tsakanin zaure da cikin gida, inda rana ba ta dukansa sai da safe. Ya yi masa tudu da tsakuwa da yashin gulbi, domin bakin wuta ba ya son ruwa ya kwana a gindinsa, ruɓewa yake yi. Ya kafa masa ɗan rumfar zana da yake ja da hantsi ya janye da la'asar. Ruwa kuwa a gefe yake zuba masa, ba a tsakiya ba, shi ma da awo. A haka abin ya farfaɗo, ya yi ganye, ya ƙara ganye, shekara ɗaya, shekara biyu, amma kara ko alama.

Gidan yana daf da sandar kwastan, inda motocin gyaɗa daga Maraɗi ke jerawa suna jiran a duba takardu. Direba in ya gaji da zama sai ya hau kan buhuna ya leƙo katanga, ya ce, ina mai ba ciyawa ruwa, yau an ci ko da saura. Kalilu ya yi dariya ya ce da saura. Wannan ba ya damunsa, direba baƙo ne, gobe ya wuce. Wanda maganarsa ke shiga masa jiki shi ne wansa Manu.

Manu manomin albasa ne a fadamar bakin gulbi, kuma duk Jibiya har Daddara ba a ja da shi a kan wannan sana'a. Ba mugu ba ne, shi ya riƙe gonar gado duk shekarun nan bai ci ko taku ɗaya na ƙanensa ba, amma bakinsa ba linzami. A gaban mutane, a gindin bishiyar bedi bayan Juma'a, ya taɓa cewa yaron nan ya yi shekara ashirin da biyu a cikin Turawa, wasu sun koyo tuƙi, wasu sun koyo ɗinki, shi kuwa shayar da haki ya koyo. Yaron nan a lokacin ya haura hamsin. Aka yi dariya, Kalilu ma ya yi, don ba a mayar wa wa magana a bainar jama'a. Amma abin ya zauna masa a rai, ya yi ta kwana da shi yana tashi da shi.

Ga kuma wani abu da Manu bai sani ba. Tun daminar da ta wuce idon Kalilu ya fara rufewa, ba daga tsakiya ba, daga gefe. Abin da ya tsaya gabansa sosai yana ganinsa, amma abin da ke dama ko hagu ya ɓace, sai ka ce ta cikin bututu yake leƙen duniya, kuma bututun kullum ƙara tsukewa yake yi. Bai gaya wa kowa ba. Barira ce ta gane da kanta, ranar da ya tuntsurar da buta sau uku kafin azahar, ta riƙa kawar da kaya daga hanyarsa. Buri ɗaya ya rage masa, kuma bai ɓoye wa kansa ba: ya ga bakin wuta ya kama ja sau ɗaya a ƙasar da aka haife shi kafin idon ya tafi, Manu kuma yana tsaye a gefensa ya gani.

A shekara ta uku, da kaka ta yi, sanyin safe ya fara sauka, ya fito ba da ruwa ya sa yatsa a tsakiyar ganyen yadda ya saba. Sai ya ji abu ya tokare masa yatsa, ɗan dunƙule mai kaushi, bai fi kan babban yatsa ba. Ya janye hannu, ya sake mayarwa. Yana nan. Ya daɗe a tsugune har ƙafarsa ta yi tsami, sannan ya shiga ciki ya gaya wa Barira, ya ja mata kunne kada ta faɗa wa kowa, musamman kada maganar ta kai gidan Yaya. So yake ranar da jan ya cika ya je fadama da kansa ya kamo hannun Manu ya kawo shi, ba tare da ya ce masa uffan ba.

A makon nan ne labari ya zo cewa Ɗantala mai sakiyar ido ya sauka a Maraɗi, zai yi kwanaki kaɗan ya wuce Tawa. Mutumin ya yi suna a kan kwantar da yanar ido da allura, an ce makafi da dama sun shiga wurinsa da jagora sun fito da ƙafarsu. Barira, wadda ba ta cika matsa wa mijinta ba, wannan karon ta kafe. Kalilu ya yi lissafi: karan zai yi mako biyu kafin ya kama launi sosai, tafiyar kuwa kwana uku ce, huɗu in ta yi tsanani. Ya yarda. Ya sami Lado direba, wanda zai tafi da motarsa wayam ya ɗauko gyaɗa, suka shirya.

Kafin ya tafi ya je ya sallami Manu, ya bar masa amanar gida yadda ƙane ke yi in zai yi tafiya. Ya ce ɗan hawaye ne idon ke yi, zai je Maraɗi wurin mai allura ya karɓo magani. Manu yana gyaran fangalin albasa bai ɗago ba, ya ce Allah ya kiyaye hanya. Har Kalilu ya juya sai ya ji ya ƙara da cewa, “Hakin nan naka ma zan riƙa leƙa shi. Kada ka dawo ka ce an kashe maka.”

Shekara uku Kalilu bai ji magana mai daɗi irin wannan daga bakin wansa ba. Saura ƙiris ya faɗa masa zancen karan, maganar har ta zo masa baki, ya haɗiye. Ya ce dai ruwa kaɗan ake ba shi, a gefe. Manu ya ce shi za a koya wa ba da ruwa.

Aka ɗaga musu sanda da hantsi. Da suka wuce iyaka Lado ya karkata motar daga hannun hagu zuwa na dama, yadda ake tuƙi a ƙasar Faransa, yana mita cewa Turawan nan biyu ko a kan gefen hanya sun kasa shiryawa. A Ɗan Isa 'yan duwan, wato kwastan ɗin Faransa, suka leƙa bayan mota suka ga ba komai, suka ce a wuce. Kafin la'asar sun shiga Maraɗi.

Ɗantala tsoho ne mai ƙaramin jiki, yana zaune a kan buzu a zauren wani mahauci, mutane sun yi layi har waje. Sai washegari layi ya zo kan Kalilu. Tsohon ya juya shi ya fuskanci ƙofa, ya buɗe idon da yatsu biyu, ya leƙa, ya sa ya rufe, ya danna da babban yatsa a hankali, dama da hagu. Ko kwandon allurarsa bai taɓa ba. Ya ce babu yana a nan da za a kwantar, idon garau yake daga waje, daga ciki ne ya yi tauri kamar dutse, kuma wannan ba aikin allura ba ne, ba aikin kwalli ba ne, wanda duk ya ce zai iya ƙarya yake yi. Kalilu ya tambaye shi saura yaushe. Ɗantala ya ce sanin gaibu sai Allah, amma shi dai a irin waɗanda ya gani, abin da mutum ke son kallo ya kalle shi kafin ruwan bana ya sake sauka.

Kalilu ya yi godiya, ya sa takalmi ya fita. Bai yi kuka ba, bai ma ji mamaki ba, dama jikinsa ya daɗe da gaya masa. Abin da ya taso masa shi ne gaggawa. Ya nufi inda ake lodin gyaɗa ya tarar da motoci sun fi ashirin a layi, ta Lado tana can kusa da ƙarshe. Kwana huɗu suka yi kafin a ɗora musu buhu. Suka taso, ba su yi nisa ba sifirin baya ya karye saboda nauyi, aka kwana biyu ana jiran maƙeri. Da suka iso Ɗan Isa kuma aka ce takardar kayan ba ta cika ba, sai an aika Maraɗi. Nan Kalilu ya sauka, ya sallami Lado, ya yanki sanda a bakin hanya ya kama tafiya a ƙasa, yana bin gefen kwalbati da ido ɗaya a kan sawun shanu don kada ya faɗa rami. A hanya yana lissafi, yau kwana goma ke nan, karan ya isa ya kai gwiwa ko ya wuce, kan ya isa ya fara nuna.

Ya ratsa ta gefen sandar kwastan bayan la'asar, ma'aikatan na yi masa sannu da zuwa yana amsawa bai tsaya ba. Ya shiga zaure, ya fita ta ɗaya ƙofar, ya juya kai yana neman katangar yamma, don yanzu sai ya nemi abu da kai kafin ya same shi. Ya sami rumfar zana. Ya sauko da ido ya sami ganyen, kore shar, ya fi yadda ya bar shi kyau, an cire duk busassun, an yi masa noma a gindi, har an zuba sabon takin awaki. Ya ɗaga ido sama da ganyen inda ya kamata karan ya tsaya, ya ga katanga. Ya sake saukowa, ya sake hawa. Sannan ya tsuguna ya sa yatsa a tsakiya. Ya ji guntun kara, tsawon gaɓar yatsa, an yanke shi sumul da wuƙa mai kaifi, an shafa toka a bakin yankan.

Barira ta fito ta tsaya a bayansa da kwanon ruwa a hannu. Ba ta jira ya tambaya ba. Ta ce shekaranjiya ne, da hantsi. Yaya kullum yana zuwa, in ya yi sallama sai ta shige ɗaki ta saki asabari, yadda ta saba tun ranar da aka kawo ta gidan, don ita da wan mijinta ba su taɓa haɗa ido ba, balle magana ta wuce gaisuwa daga bayan labule. Ta ce ta cikin asabarin ta ga ya tsaya yana kallon karan yana girgiza kai, ta ga ya zaro wuƙa daga ɗamara. Ta yi tari. Ta sake yin tari, har ta kifar da faranti da gangan. Ya ce sannu, Allah ya sawwaƙe, ya ci gaba da abin da yake yi. Ta ce ta kai hannu ga asabarin, wallahi ta kai, amma ƙafarta ta ƙi fita, bakinta ya ƙi buɗewa. Tana faɗa tana share hawaye da gefen zane.

Kalilu ya ce ta bari, ba laifinta ba ne. Kuma har cikin ransa bai ga laifinta ba, da ta fito ta daka wa Yaya tsawa da shi kansa ya ji kunya. Bai ga laifin Manu ba ma, wannan shi ya fi ci masa rai, don ya san sarai abin da ya faru. Duk manomin albasa, in ya ga ta fitar da kara za ta yi fure, yanke shi yake yi tun da wuri, in ba haka ba karan ya shanye ƙarfin, ƙwan ya tsaya ƙanƙane ya yi fanko. Manu ya ga ganye irin na albasa, ya ga kara, hannunsa ya yi abin da ya shekara arba'in yana yi. Bakin wuta kuwa ba shi da ƙwai ko kaɗan, saiwa ce kawai kamar igiya. Kalilu ya san wannan, kuma kalma uku da ya faɗa a bakin fangali da sun isa. Shi ya haɗiye su.

Yana nan tsugune aka yi sallama a zaure. Barira ta ajiye kwanon ta shige. Manu ya shigo da fartanya a kafaɗa, fuskarsa a sake, ya ce ya ji an ce matafiya sun sauka. Suka gaisa, ya tambayi hanya, ya tambayi mutanen Maraɗi, ya tambayi ido. Kalilu ya ce da sauƙi. Manu ya jingine fartanya, ya zo ya tsuguna a hagunsa, ya nuna ganyen da haɓa.

“Ka ga abin naka? Saura kaɗan ka yi hasara. Kara ya fitar, wani ƙato, ya kusa cinyata. Shekara uku kana wahala, ashe abin da ke hana shi yin ƙwai ke nan. Da na ƙara kwana biyu da ya gama shanye shi, don har kan ya fara ja.”

Kalilu bai ɗauke ido daga guntun karan ba. Ya ce, “Ja wane iri, Yaya?”

Manu ya ɗan yi tunani. Ya ce ja dai, irin na barkono in ya fara nuna, shi bai tsaya kallo ba, ya wurga shi bayan katanga jakunan fatake suka ɗauke. Ya ce yanzu sai a ƙara masa taki a bar shi ya huta, baɗi war haka in Allah ya kai mu za a tona a ga abin mamaki. Ya faɗi haka da jin daɗin mutumin da ya daɗe yana neman hanyar yi wa ƙanensa alheri bai samu ba sai yau.

“Sannu da aiki, Yaya,” in ji Kalilu. “Allah ya saka da alheri.”

Manu ya ce ba komai, ai yi wa kai ne. Ya ci gaba da zancen taki, da zancen irin albasar da ya samo daga Madawa, da yadda gulbi ya ja da wuri bana. Kalilu yana jin muryar a hagunsa, yana amsawa da to, da haka ne, idonsa na kan tokar da aka shafa a bakin yankan. An yi aikin da kyau, ko shi iyakar abin da zai yi ke nan.

Can sai ya lura muryar ta tsaya. Ya jira ta ci gaba, ba ta ci gaba ba. Ya juya kai a hankali yana nema, ya fara cin karo da hannu, a miƙe, tazarar taƙi ɗaya daga kuncinsa, da ɓarin goro a tafin. Allah kaɗai ya san tun yaushe hannun yake nan. Ya bi hannun da ido har ya kai ga fuskar Manu. Fara'ar ta tafi. Manu ya matsar da hannun gefe kaɗan, ya ɓace wa Kalilu, ya dawo da shi, ya sake bayyana. Ya yi haka sau biyu yana kallon ƙwayar idon ƙanensa.

“Mi mai allurar ya ce?”

Kalilu ya gaya masa, yadda aka gaya masa, bai ƙara ba bai rage ba, har da zancen ruwan bana. Daga waje ana jin an ɗaga sanda, wata mota ta ja da ƙyar ta wuce. Manu ya juya ya dubi ganyen, ya daɗe yana dubansa, sannan ya kai yatsa ya taɓa guntun karan.

“Abin ga,” ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, “sau nawa yake fitar da shi a shekara?”

“Sau ɗaya, Yaya.”

Kalilu ya karɓi goron daga tafin wansa, don ya ga Manu ya manta yana riƙe da shi.